Wasiƙu Biyu da Suka Maƙale a Wayata

Ƙarfe tara saura kwata na safiyar Asabar, cikin goman ƙarshe na azumi, ina tsaye a barandar ɗakinmu na ɗalibai a Khartum da waya a kunne, Baba ya tambaye ni jami'a nawa na nema. Na ce biyar.  Kafin ya amsa na ji ƙarar fashewa ta farko daga wajen filin jirgi, wadda ta sa tantabarun da ke kan rufin maƙwabtanmu suka tashi gaba ɗaya.

Tun da na dawo unguwarmu Soron Ɗinki a Kano, masu zuwa barka da arziki suke tambayata yadda abin ya kasance, ni kuwa bakina ba ya iya labari a cikin mutane. Nakan ce alhamdu lillahi, an sha wuya, sai in miƙe in kawo musu ruwa. Ƙawayena sun ce wannan rowa ce. To ga shi na rubuta, duk wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata.

Na gama karatun haɗa magunguna a Khartum ke nan, ina jiran takardar shaida, lokacin da yaƙin ya ɓarke. Tun kafin nan na nemi gurbin digiri na biyu da tallafin karatu a jami'o'i biyar, biyu a Ingila, ɗaya a Jamus, ɗaya a Kanada, ɗaya a Malesiya, dukkansu irin waɗanda sai sun tankaɗe mutum sun sake tankaɗewa kafin su ɗauka. Kowace sai da ofishin makarantarmu ya aika mata sakamakona kai tsaye, malamaina biyu kuma suka rubuta mata shaida a kaina. Wata biyar na yi ina bin ofisoshi. Ina da wani littafin rubutu mai baƙin bango da na ja wa layi gida biyar, duk takardar da ta tafi in sa mata alama da jan biro.

Baba na sanar da shi ina neman ƙarin karatu, ya sa albarka, amma ban taɓa faɗa masa adadin ba. Na san dalilin da ya hana ni. Baba malamin zaure ne, kamar mahaifinsa, kamar kakansa da ya zo daga Barno. A zaurenmu akwai ƙa'ida: littafin da ka fara a gaban malami, a gabansa za ka sauke shi, sai dai in shi ya sallame ka. Ina ƙarama na taɓa leƙe ta bayan labule na ga wani magidanci mai gemu, ɗan kasuwa, ya buɗe littafinsa na fiƙihu. Baba ya miƙa hannu ya rufe masa, ya ce ya ji labarin yana kai wannan littafin wani zaure a Goron Dutse, ya je ya ƙarasa a can. Daga baya muka ji can ɗin ma an rufe masa. Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba, amma mutumin bai sake zama a tabarmar ba.

A wayar nan, da Baba ya tashi amsawa, ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa Falmata aka sa mini.

"Uwata, littafi ɗaya kika kai zaure biyar? In suka ji, kuma za su ji, duk sai su rufe miki. Ki zaɓi ɗaya, ki janye sauran, ki ba su haƙuri."

Na ce to. Ya tambaye ni ƙarar mene ne yake ji, na ce ban sani ba, sai wayar ta yanke.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a ginin nan. Wuta ta ɗauke a rana ta biyu, ruwa ya bi ta a ta huɗu. Muka kwashe katifu muka jera a lungun tsakiya inda babu taga. Abokiyar ɗakina Zulai, 'yar Goron Dutse, wadda ko a ɗakin jarrabawa sai an ce ta yi shiru, ita ta raba mana aiki: masu tara ruwa, masu lura da cajin waya, masu leƙa titi. Ni aka ba ni rabon dabino da biskit, wai ni ce ba zan yi son kai ba. Haka muka yi sallah, da shayi ba madara da dabino uku-uku, muna jin harbi yana amsa kabbarar wani masallaci da ke nesa.

Abin da ya fi girgiza ni ba ƙarar ba ce. Mutanen Sudan suna da wata al'ada da azumi wadda ba mu da irinta. Mu a Kano akan aika kunu da ƙosai gidan maƙwabta ko masallaci. Su kuwa maza ne suke shimfiɗa tabarmi a bakin titi, su jera abinci, in magariba ta kusa su tsaya a tsakiyar hanya suna tare motoci, dole sai direba ya sauko ya sha ruwa da su. Shekara biyar ina kallon wannan daga baranda. Ranar da na leƙa da magariba na ga titin fayau, ba tabarma ko ɗaya, sai wata mota da ta ƙone, ranar na gane ba gobe za a daina ba.

A kwanakin ne labari ya zo cewa makarantarmu ta watse, an fasa ofisoshi, malamai kowa ya kama gabansa. Na zauna da littafina na yi tunanin abin da hakan ke nufi. Babu mai sake aika sakamakona ko'ina. Babu malamin da zan samu ya sake rubuta mini shaida. Waɗannan biyar ɗin da takarduna suka riga suka isa, su kaɗai gare ni a duniya. In na janye huɗu, ta biyar ta ce a'a, shekara biyar ɗina sun zama labari. In kuma na bar su, ga maganar Baba, kuma wa ya sani ko gaskiyarsa ce, su ji, duk su ƙi ni.

Na gaya wa Zulai a hankali, don kada sauran su ji. Ta dube ni kamar na ce zan fita yawo. Mahaifinta atamfa yake sayarwa, ta ce a wurinsu wanda ya taya kaya a rumfa ɗaya ya tsaya, shi ake kira baƙo, kuma shi ake yi wa tsada. Na ce jami'a ba rumfa ba ce. Ta ce ai ba zaure ba ce kuma. Daga nan muka tsaya, don ni ban taɓa ganin cikin irin waɗannan jami'o'i ba, ita ma haka.

Ranar da motocin kwashe ɗalibai suka zo, aka ce kowa jaka ɗaya. Na cika tawa da littattafai, na tura kaya kala biyu a gefe. An gargaɗe mu cewa ana karɓe wayoyi a shingayen hanya, don haka na naɗe tawa a leda na cusa ta cikin ragowar garin kukar da Umma ta aiko mini. Har yau in na kara ta a kunne ina jin ƙamshin miya.

Kafin mu fita gari mun wuce shinge bakwai, na ƙirga. A tsakanin na biyu da na uku na ga wani mutum kwance a gefen titi an rufe shi da kwali, takalminsa ɗaya a ƙafa.  A na biyar aka ce mu sauko da jakunkuna. Wani mai bindiga, babba ne, da furfura a gemunsa, ya zaro littafina mai baƙin bango, ya ga layuka da sunayen ƙasashe da jan biro, ya tambayi mene ne wannan. Ni Larabcina na littafi ne, a gaban Baba na koye shi, kuma in na tsorata sai ya ƙara tsauri. Na ba shi amsa da cikakkiyar jimla, har da wasalin ƙarshe. Ya tsaya yana kallona, sannan ya kira ɗan'uwansa ya ce ya zo ya ji mai karanta labarai a rediyo. Suka sa na maimaita. Suka yi dariya, ya jefa mini littafin, ya ce mu wuce. Zulai ta turo ni daga baya muka koma mota.

Daga nan sai hamada, kwana biyu. Ba ni da abin faɗa a kanta sai zafi. Inda duk aka tsaya abinci ɗaya ne, ful, wato wani babban wake da ake dafawa har ya farfashe, a zuba mai, a ci da burodi a faranti ɗaya. A wani ƙauye da ban san sunansa ba mata suka fito da bokitai na zoɓo mai sanyi, su karkade suke ce masa, suka bi tagogin mota suna miƙa mana. Wani ɗalibi ya zaro kuɗi, wata dattijuwa ta buge masa hannu.

A motarmu akwai wani Kabiru, ɗalibin kwamfuta, wanda duk abin da aka tambaya yana da amsarsa, tun daga nisan iyaka har ranar da yaƙin zai ƙare. Zulai ce ta jefa masa tambayata ba da izinina ba. Ya gyara zama ya ce ai wannan sananne ne, manyan jami'o'in duniya na'ura ɗaya suke amfani da ita, da an shigar da sunan mutum sai duk inda ya nema ya fito, kuma ba sa son mai haɗama. Ya ce haka ta faru da abokin yayansa, bakwai ya nema, bakwai suka ƙi shi. Zulai ta ce wataƙila abokin yayan nasa daƙiƙi ne. Aka yi dariya, ni ban yi ba. Maganar Baba ce ta dawo mini da rigar zamani.

Iyakar Masar ba gari ba ce. Wayar shinge ce da ƙofa da fili, da motoci jere har inda ido ya ƙare. Kwana biyar muka yi a nan muna jiran a ba mu izinin shiga. Masaukinmu inuwar motarmu ce, muna binta tana juyawa kamar masu shanya. Wanda ya samu kwali ya zama mai gida. Maganar banɗaki ba zan rubuta ta ba, sai dai in ce mata huɗu ne suke riƙe zannuwa su kewaye ta biyar, kuma tun daga ranar na daina jin kunyar 'yan motarmu.

Kusa da mu akwai wata dattijuwa 'yar Sudan, Hajja Nafisa, da 'ya'yanta mata biyu. Ta baro gidanta ba ta ɗauko komai ba sai 'yar tukunyar ƙasa ta dafa gahawa da turminta ƙarami. Kullum da hantsi sai ta soya 'ya'yan gahawar a kan gawayi, ta zagaya da su kowa ya shaƙi hayaƙin, sannan ta daka da citta. Mu a gida ba a ba baƙo ƙamshi kafin a ba shi abu, amma a can rashin shaƙa rashin ladabi ne. Kofunan ƙanana ne kamar murfin kwalba, kuma in ka sha ɗaya ka tashi ka yi laifi. Ta lura kullum ina buɗe littafina ina rufewa, ta tambaya. Ban san yadda aka yi na gaya mata duka ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba ta yi makaranta ba, ba za ta yi mini ƙarya ba. Sannan ta ce ita ta bar tukunyar abinci a kan wuta ta gudo, ga ni ina zaune a kan kwali ina damuwa da makaranta. Na sunkuyar da kai don na ɗauka faɗa ne. Sai ta ƙara mini gahawa ta ce in ci gaba da damuwar, ita ce alamar ban mutu ba.

A rana ta uku aka gano cewa bayan wata tankar ruwa, in mutum ya hau tarin duwatsu ya ɗaga hannu, sabis ɗin Masar yana ɗan kamawa. Nan da nan layi ya kafu. Na zaro wayata daga cikin kuka, caji saura kaɗan, na zauna na rubuta wasiƙa huɗu na imel. Na bar wa kaina ɗaya daga cikin na Ingila, wadda na fi so kuma na fi shakkar samu. Kowace wasiƙa na rubuta ta daban. Na gaishe su, na ce na yi kuskure na nemi wasu jami'o'i huɗu tare da su ba tare da na sanar da su ba, na jera sunayen, na nemi afuwa, na ce na janye. Na karanta kowace sau biyu don kada a samu kuskuren rubutu.

Da layi ya zo kaina na hau duwatsun, na ɗaga hannu, na danna. Ta Jamus ta tafi. Ta Malesiya ta daɗe tana juyawa, ita ma ta tafi. Sai sabis ya ɗauke. Ta Kanada da ɗaya ta Ingilar suka tsaya a layin fita, suna jiran ya dawo.

Na sauko na nuna wa Zulai, ina jin kamar na sauke farilla rabi. Ta karanta.  Ta karɓe wayar ta kashe data, ta riƙe ta a bayanta.

"Falmata, Kabiru fa kika bi. Kabiru da ya ce mana awa shida za mu yi a hanya."

Na ce ba Kabiru na bi ba, Baba na bi. Ta ce Baba malami ne, Allah ya ƙara masa lafiya, amma ya taɓa neman jami'ar Kanada? Na ji haushin maganar. Amma sai lokacin na ga abin da na yi da idona: wata biyar na bin ofisoshi, biyu sun tafi cikin minti ɗaya, kuma babu ofishin da zan koma. Ta sa na yi mata alkawari ba zan kunna data ba sai na tambayi wanda ya san abin da gaske.

Ta ce in goge biyun mana, tunda ko ba sabis ana gogewa. Na kasa. Gogewa saɓa wa Baba ne da hannuna. Kunna data su tafi kuma, na riga na ji ɗanɗanon hakan. Sai na bar su a nan, na mayar da wayar cikin kuka.

Ranar da aka buɗe mana ƙofa aka ce jirgin da zai kwashe mu zuwa gida ba zai ɗauki manyan jakunkuna ba. Na durƙusa na fitar da littattafaina na karatu goma sha ɗaya na jera su a gindin wayar shingen, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kamar wani zai zo ya duba. Can gefe akwai tarin na wasu, da barguna, da tukwane. Hajja Nafisa ba ta samu shiga ranar ba. Na ba ta ragowar kukar, na yi mata bayanin yadda ake kaɗa ta, ta shinshina ta ce za ta gwada in ta samu gida.

Masar kwana ɗaya da wuni muka yi, a filin jirgin Aswan, kan tayil mai sanyi wanda bayan kwali ya zama mana gado. Kogin da ake ta faɗa ta tagar mota na gan shi, na minti biyu. Mutanen wurin in suna gaisawa sai ka ɗauka dambe za a yi, murya sama, hannu sama, ashe lafiyar iyali ake tambaya. Kowa a cikinmu sun mai da shi dakta, har Kabiru. An raba mana wani abinci, shinkafa da taliya da wake ƙanana da soyayyar albasa duk a kwano ɗaya, Zulai ta ce garau-garau ne ya je makaranta. Na ga mai burodi ya jera shi a buɗe a kan dakali, mutane suna ɗaga wannan su ajiye su ɗauki wancan. Na tuna Umma, wadda ko murfin tulu aka bari a buɗe sai ta zubar da ruwan.

A nan na kira gida da wayar Zulai. Umma ta yi ta kuka, ta miƙa wa Baba. Ya ce, "Uwata, kin ci abinci?" Na ce na ci. Ya yi mini addu'a mai tsawo. Na jira ya tayar da maganar jami'a, bai tayar ba. Ni kuma a gidanmu ba a mayar wa uba maganar da ya riga ya yanke, sai in shi ya ɗauko ta. Muka yi sallama.

Abuja, inda jirgi ya sauke mu, ba ni da labarinta, barci na yi. Kano kuwa da muka shigo ta Ƙofar Mata na ga masu rini a bakin karofi suna tsoma zane suna ɗagawa, hannuwansu shuɗi, kamar ba a taɓa harba bindiga a duniya ba. Ban san me ya sa hakan ya ba ni tsoro ba. Daidai nan tayar wata babbar mota ta fashe. Sai ganina na yi a ƙasan adaidaita sahun da muke ciki, na rufe kai da jaka, yayana da ya je tarbata yana riƙe da kafaɗata yana cewa taya ce, taya ce.

Kwana biyu gidanmu bai huta ba. Tuwo da miyar kuka Umma ta yi mini, na ci ina dariya ni kaɗai. Kowa yana tambaya me ya sa ba a samuna a waya, ina cewa sai a hankali. Wayar tana ƙarƙashin filo, data a kashe.

A rana ta uku bayan la'asar, da ɗalibai suka watse, na je ƙofar zaure ta ciki na durƙusa. Na ce Baba, game da maganar da ka yi mini, na cika rabi, saura rabi.

"Wace magana?"

Na ɗauka gwada ni yake yi. Na ɗago na dube shi, abin da ba na yi, na ga da gaske bai tuna ba. Wayar da ta yanke da ƙarar da ya ji sun shafe duk abin da ya gabace su. Mako uku ina ɗauke da maganar a hamada, shi kuwa mako uku yana roƙon Allah in dawo da rai kawai.

Na ba shi labari tun daga baranda har tarin duwatsu. Na yi masa bayanin cewa makarantarmu babu ita yanzu, ba za a sake aika takarda ba. Ya cire tabarau ya ajiye a kan buzu. Ya tambaya nawa suka tafi, na ce biyu. Ya yi salati a hankali. Ya ce shi abin da ya sani ya faɗa, kuma bai san cewa abin da ya faɗa zai bi ni har iyakar Masar ba. Ya tambayi me ya hana ni tuna masa a Aswan, na ce ina jira ya ɗauko. Sai ya ce in ɗauko mayafina da wayar da littafin nawa, wanda bai sani ba tambaya yake yi.

Da ƙafa muka tafi Goron Dutse, yana gaba ina baya, mutane suna ta durƙusa masa a hanya. Gidan Dakta Rabi muka je, 'yar wani amininsa da ya rasu. Ta yi shekaru tana koyarwa a wata jami'a a Ingila kafin ta dawo gida, kuma tana cikin masu zama su karanta takardun masu neman gurbi. Da ta ga Baba a ƙofar falonta ta sauko daga kujera za ta zauna a ƙasa. Ya ce ta koma, yau shi ne mai tambaya. Ta ƙi, shi ma ya ƙi, ƙarshe duk mu uku muka zauna a kan kafet, kujerun suna kallonmu.

Shi ya yi bayanin da kansa, bai rage komai ba, har da cewa shi ya ba da umarnin. Dakta ta karɓi littafina mai baƙin bango ta bi shi gida-gida da yatsa. Ta tambaye ni ko akwai fom ɗin da ya ce kada a nemi wani wuri, don wasu tsare-tsaren sukan sa iyaka, kuma in sun sa a rubuce suke sawa. Na ce na karanta ƙa'idojin kowace sau uku, babu. Ta tambaya ko akwai wadda ta tambaye ni inda na nema na ɓoye, na ce babu wadda ta tambaya. Ta tambaya ko wasiƙa ɗaya na kwafa na aika wa duka, don abin da ta ga yana kayar da masu nema da yawa ke nan, har wani ya manta bai canja sunan jami'ar ba. Na ce kowace da tata na rubuta. Ta ce ta ga alama.

Sannan ta karanta wasiƙun janyewar da suka rage a wayar. Ta kai wurin neman afuwa ta rufe bakinta da gefen mayafi, ban sani ba dariya ce ko wani abu. Ta ce biyun da suka tafi, in rubuta musu yau, in gaya musu daga inda na aiko da halin da nake ciki. Wataƙila su mayar da sunana, wataƙila sun riga sun ba wani, ba za ta yi mini alkawari ba.

Baba bai gamsu ba tukuna. Ya ce yana so ya fahimta sosai, don kada gobe ya sake faɗa wa ɗan wani abin da ba haka ba. Ya tambaya, yawan wuraren da yarinya ta nema, ba ya rage mata daraja a idon kowace?

Dakta Rabi ta ajiye wayar a gabana, ta juya wajensa.

"Allah gafarta Malam, mu da muke karantawa mun san duk mai hankali ya nemi wani wurin, mu ma haka muka yi. Takardar da ke gabanmu muke dubawa, mu rufe, mu ɗauki ta gaba, ba mu da hanyar leƙa ta maƙwabta, ba mu da lokacinta. Cikin biyar ɗin nan babu wadda ta san da sauran, sai biyun da ita da kanta ta rubuta ta gaya wa. Ta goge waɗannan kafin ta kunna data."